Mala'ikun takarda 10,000 a majami'ar Ripon: garin da ya yi makoki da yatsunsa

Ripon ƙaramin gari ne a arewacin lardin Yorkshire na Ingila, mutanensa ba su kai 17,000 ba. A watan Agustan 2020, duk wanda ya taka ƙofar babbar majami'ar garin ya ɗaga kai, mala'iku 10,000 na takarda zai gani suna reto can sama, tsakanin ginshiƙan dutse da suka shekara 500 a tsaye. Ba wani shahararren mai zane aka ɗauko daga Landan ya yi su ba. 'Yan sa-kai kusan 100 da yara 'yan makaranta kusan 300 ne suka ninke su ɗaya bayan ɗaya, kowa a inda kullen annobar korona ya same shi. Kowace takarda tana madadin addu'a ko saƙon da wani ya aiko saboda wani: mamaci, majinyaci, ko ma'aikacin da ke fita kullum alhali sauran jama'a na ɗaka.

Sun sa wa aikin suna A Wing and a Prayer, wato fiffike da addu'a. Tsohuwar magana ce tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ana yin ta a kan jirgin da aka harba yana ta lallaɓawa ya isa gida da ɗan abin da ya rage masa. Sunan ya zauna daidai a kan waɗanda suka haɗa hannu a aikin: majami'a mai addu'a, da ƙungiyar Yorkshire Air Ambulance mai jirage masu saukar ungulu da ke ɗauko waɗanda suka ji mummunan rauni. An yi ayyukan tunawa da yawa a tsofaffin majami'un Ingila saboda korona. Na zaɓi bin diddigin wannan ne domin mutanen gari ne suka yi shi da yatsunsu, kuma a ganina a nan darajarsa take.

Sai an san abin da aka raba mutanen nan da shi kafin a gane dalilin da takarda ta yi musu nauyi haka. Mutum biyu na farko da aka tabbatar suna ɗauke da cutar a Birtaniya, ranar 31 ga Janairun 2020, a wani otal na birnin York suka sauka, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Ripon. Ranar 23 ga Maris Firaminista Boris Johnson ya kafa dokar kulle. Washegari manyan limaman Cocin Ingila biyu, Justin Welby na Canterbury da John Sentamu na York, haifaffen Uganda, suka ce a garƙame majami'u, har su limaman aka hana su shiga yin addu'a. Ranar Ista, 12 ga Afrilu, daga ɗakin girkinsa Welby ya ja ibada ta bidiyo. Masu bin tarihi sai da suka koma shekarar 1208, lokacin da Fafaroma ya haramta ibada a majami'un Ingila saboda rigimarsa da Sarki John, kafin su sami abin kwatance.

Rufe ƙofar ibada da sauƙi a kan abin da ya sami jana'iza. An hana kai gawa coci. Sai dai bakin kabari ko gidan ƙona gawa, da 'yan tsirarun dangi, kowa nesa da ɗan'uwansa. A watan Afrilu hukumar birnin York ta hana masu makoki halartar gidan ƙona gawa, sai da jama'a suka yi mata ca kafin ta sassauta. Asibitoci sun hana dubiya. A gidajen kula da tsofaffi na Ingila da Wales, mutum fiye da 19,000 ne suka mutu da cutar tsakanin farkon Maris da tsakiyar Yuni. Da yawa ta bayan gilashin taga 'ya'yansu suka yi musu ganin ƙarshe. Wasu ko wannan ba su samu ba.

Duk wanda ya tashi a inda ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kwana uku, jama'a na zuwa suna "ya haƙuri", maƙwabta na aiko da kwanukan abinci, ya san rabin sauƙin rashi a cikin wannan kai-komon yake. Kana tashi kana zama, kana amsa gaisuwa, kana raka baƙo bakin hanya. Jiki na aiki, zuciya na samun sarari. Mutanen Yorkshire suna da nasu salon: taro a coci, waƙoƙin ibada da kowa ya haddace tun yana yaro, shan shayi bayan binnewa, rungumar juna. A rana ɗaya aka ɗauke duka. Aka bar mutum shi kaɗai a ɗaka da rashinsa, sai waya a hannu.

Shi kuwa ginin da aka rufe ba baƙon annoba ba ne. A shekarar 664 wata annoba ta ratsa Ingila da Ireland, ta kashe Tuda, bishop na ƙasar Northumbria. Wanda aka zaɓa ya hau kujerar bayansa shi ne Wilfrid, shugaban gidan 'yan zuhudu na Ripon. Shekara takwas bayan haka, a 672, Wilfrid ya keɓe cocin dutse da ya gina a wurin. Rundunar Sarki Eadred ta ƙone shi a 948. An sake gini, an sake rushewa, an sake ɗagawa: fuskar yamma mai hasumiya biyu ta wajajen 1220 ce, babban zauren da ake taruwa kuma na farkon ƙarni na 16. Sai a 1836 aka ɗaga darajar wurin ya zama babbar majami'a mai kujerar bishop. Amma ɗakin ƙarƙashin ƙasa da Wilfrid ya gina yana nan yadda ya bar shi. Ana sauka ta wata matsattsiyar matakala, a bi lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa, a faɗa wani ɗan ɗaki da bai kai mita 4 ba a tsawo, rufinsa a lanƙwashe kamar bakan gizo, da alkukai a bango inda ake ajiye fitila. Tsakanin wannan ɗaki da takardun da aka rataye 'yan taku kaɗan daga samansa, shekara 1,348 ce.

Na daɗe a kan tarihin nan ne saboda shi ne rabin aikin. Da a zauren wasanni ko a tsakiyar kanti aka rataye takardun, da ado ne kawai. Matar da ta rasa mahaifiyarta a watan Afrilu, ba ta samu ta riƙe hannunta ba, idan ta shigo nan tana taka daɓen da kakanninta suka taka da irin nata kukan tun kafin a san sunan cutar da ke kashe su. Ginin da kansa yana faɗa mata an taɓa yi, an kuma rayu, ba tare da wani ya buɗe baki ya yi mata wa'azi ba.

Garin ma mai riƙon al'ada ne. Kowane dare da ƙarfe 9 mai busa ƙaho yakan fito dandalin kasuwa ya busa a kusurwoyi huɗu na dogon dutsen da ke tsakiya, alamar an fara gadin dare, kuma mutanen gari suna kai asalin abin har shekarar 886. Da kulle ya zo, masu busar suka ci gaba da yi daga gidajensu. Kuma hannun mutanen ya riga ya saba da aikin gayya irin wannan. A 2018, da aka cika shekara 100 da ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu saƙa na Ripon sun saƙa dubban jajayen furannin nan da Turawan Ingila ke maƙalawa a ƙirji don tunawa da sojojinsu, suka lulluɓe titunan gari da su. A shekarar kuma aka shimfiɗa wani zane a daɓen majami'ar da taɓon da aka ɗebo daga filayen yaƙi na Beljiyam. Saboda haka da aka nemi masu ninke takarda a 2020, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Akwai maganar kuɗi a ciki, kuma ba abin ɓoyewa ba ce. Gwamnatin Birtaniya ba ta ɗaukar nauyin tafiyar da manyan majami'u. Ripon ba ta karɓar kuɗin shiga. Da sadakar masu ziyara da masu ibada da hayar zaure don taruka take biyan ma'aikata da gyaran rufi. Da aka kulle ƙofa, duk wannan ya tsaya cak. Maƙwabciyarta York Minster, babbar majami'ar birnin York, wadda ta fi ta girma da arziki nesa ba kusa ba, ta sanar a watan Yuni cewa za ta rufe makarantarta saboda giɓin fam miliyan 5.2. Ita ma ƙungiyar jiragen ɗaukar marasa lafiya da taimakon jama'a take rayuwa. A lokacin tana buƙatar fam 12,000 kowace rana don jiragenta biyu su ci gaba da tashi, ɗaya daga cikinsu a Topcliffe yake kwana, nan kusa da Ripon. Kuɗin nan daga bukukuwan ƙauye da tseren sa-kai da bokitan da ake riƙewa a bakin kantuna yake fitowa, kuma babu ɗaya da ya rage.

To a watan Mayu, ƙarƙashin shugaban limaman majami'ar, John Dobson, aka buɗe shirin. Tsarinsa ba wuya. Mutum ya shiga intanet, ya rubuta wanda yake so a tuna da shi ko a yi wa addu'a, ya ba da abin da ya sawwaƙa. Majami'a ta ɗauki addu'ar, sannan a ninke mala'ika ɗaya a madadinta. Lokacin ne kuma mutanen ƙasar ke fitowa ƙofar gida kowace Alhamis da ƙarfe 8 na dare suna tafa wa ma'aikatan lafiya, daga 26 ga Maris har zuwa 28 ga Mayu. Tafi yakan ƙare cikin minti biyu, kowa ya koma ciki. Takarda kuwa tana nan bayan an gama.

Mai karatu Musulmi zai iya jin wani iri da batun siffanta mala'ika, domin a Musulunci ba a yin haka. A wajen Kiristocin Turai, siffa mai fukafukai tsohuwar alama ce ta saƙo da tsaro, cike take a sassaƙen katako da tagogin majami'unsu, kuma ba bauta mata ake yi ba. A bakin talakawan Ingila ma, ma'aikaciyar jinya mai haƙuri da tausayi "mala'ika" ake ce mata. Shi ya sa siffa ɗaya ta iya ɗaukar ma'ana uku a wannan aiki: wanda ya tafi, wanda ke jinyarsa, da jirgin da ke saukowa daga sama lokacin da rai ke hannun Allah.

Fasahar ninke takarda, wadda Japanawa suka yi fice a kanta suke kira origami, ba ta buƙatar komai sai takarda da tebur. Na zauna na gwada irin wannan ninkin don in ji abin da hannu ke ji. Kusurwa za ta haɗu da kusurwa daidai, ka danne da babban yatsa, ka bi layin da farce har ya kwanta. Idan ninkin farko ya karkace ko da kaurin tsinke ne, ba za ka gane ba sai can ƙarshe, fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ukun farko duk haka suka fito mini. Wajen na goma sai na lura idona ya daina bin hannuna. Yatsu sun riƙe hanya, tunani ya tafi inda yake so, kuma inda ya tafi wajen mutanen da na rasa ne. Mai ɗinkin hula ya san wannan hali, haka mai jan carbi, haka matar da ke tsinkar zogale a tsakar gida bayan an watse daga gaisuwa. Aiki ne da ba ya cin hankali, amma yana hana hannu zama banza, kuma hannun da ke zaune banza a lokacin rashi azaba ne.

Idan aka raba 10,000 ga mutum 400, kowa ya tashi da 25. Ba aikin minti biyar ba ne, ba kuma aikin da zai gagari tsohuwa ko yaro ba ne. Wannan ma'auni yana da muhimmanci. Yawancin masu yi wa irin waɗannan majami'u hidima 'yan fansho ne, su ne kuma aka fi ja wa kunne kada su fita. Mutum kusan miliyan 2.2 a Ingila, masu cututtukan da ke raunana jiki, an ce su killace kansu gaba ɗaya, kuma sai ranar 1 ga Agusta aka ɗaga musu. Watanni ana gaya musu su ne abin tausayi, su zauna a kawo musu. Sai ga wani ya ce muna da aiki, kuma hannunku muke nema. Yaran kuma tun 20 ga Maris aka rufe wa yawancinsu makaranta, suna jin manya na ƙidayar gawa a talabijin kowane maraice. Yaron da aka miƙa wa takarda aka ce wannan ta wani ce da ya rasa kakarsa, an ba shi hanyar da zai taɓa abin da ke faruwa daidai ƙarfinsa.

Ranar 13 ga Yuni aka yarda a buɗe wuraren ibada don mutum ya shiga ya yi addu'a shi kaɗai, ranar 4 ga Yuli kuma aka dawo da ibadar jam'i, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Ba waƙa, saboda numfashin mai waƙa na tafiya nesa. Kujeru a warwatse. Daga 8 ga Agusta takunkumi ya zama dole. A irin wannan yanayi, rataye aikin a sama dabara ce mai kyau ƙwarai. Babu abin taɓawa, babu wurin da za a yi cincirindo a kansa, mutum goma na iya tsayawa nesa da juna su ga abu ɗaya a lokaci ɗaya. Takarda kuma ba ta da nauyi: iskar da ta biyo mai shigowa ta ishe ta motsi. A zauren da aka gina don amon murya, aka kuma hana murya, wannan ɗan motsin ne ya cike gurbi. Sannan babu wanda zai iya nuna tasa a cikin 10,000. Ka san tana nan, amma ta ɓace cikin na sauran, kuma ina jin wannan ma magani ne ga mutumin da ya yi wata huɗu yana ganin kamar shi kaɗai aka yi wa mutuwa.

Hotunan sun zaga jaridun ƙasar da na waje. Kuɗin da aka tara ya haura fam 130,000, aka raba tsakanin majami'a da ƙungiyar jiragen. Kuɗi ne mai amfani a shekarar da babu, amma a auna shi: ko da duka aka ba masu jiragen, ba zai riƙe su kwana 11 cikakku ba. Wanda ya ce neman kuɗi ne kawai aka lulluɓe da addu'a bai yi lissafi ba. Sai dai ina da ɗan ƙorafi a kan haɗa addu'a da akwatin taimako a shafi ɗaya. Wanda kulle ya raba da aikinsa, kuma aka yi masa rasuwa, zai iya jin kunyar aiko da suna hannu rabbana. Duk mai shirya irin wannan ya kamata ya buɗe wa irinsa ƙofa a sarari.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi: su wa ke shiga ta wannan ƙofa? Tun 2014 Ripon ɗaya ce daga cikin manyan majami'u uku na dayosis ɗin Leeds, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop na Leeds, tare da Wakefield da Bradford. Bradford kuwa, tafiyar kusan awa ɗaya a mota, gari ne mai ɗimbin Musulmi 'yan asalin Pakistan. 'Yar majalisar Bradford ta Yamma, Naz Shah, ita ce ta tsaya kai da fata a watan Maris na 2020 har aka gyara dokar ta-ɓaci ta korona don kada a ƙone gawar Musulmi ko Bayahude ba da yardar danginsa ba. Kuma a daidai kwanakin da takardun Ripon ke hawa sama, a daren 30 ga Yuli, jajiberin Babbar Sallah, gwamnati ta sanar da hana ziyartar gidajen juna a Bradford da Kirklees da Calderdale da yankin Manchester. An yi cefane, an yi shirin tarbar 'yan'uwa, aka wayi gari da hani.

Cutar kuma ba ta yi rabon daidai ba. Rahoton hukumar lafiyar jama'a ta Ingila na watan Yuni 2020 ya nuna 'yan asalin Bangladesh da suka kamu sun ninka fararen fata haɗarin mutuwa kusan sau biyu. Likitocin farko da cutar ta kashe a Birtaniya Musulmi ne 'yan ci-rani: Adil El Tayar da Amged El-Hawrani 'yan asalin Sudan, da Habib Zaidi, da Dakta Alfa Sa'adu, Galadiman Pategi ta jihar Kwara, wanda ya rasu ranar 31 ga Maris yana da shekara 68, bayan ya shafe kusan shekara 40 yana yi wa asibitocin ƙasar aiki. Irin waɗannan ne mala'ikun Ripon ke yi wa godiya. Amma iyalan irinsu da yawa ba a coci za su nemi sanyin zuciya ba, kuma ba siffar mala'ika za su zaɓa ba. Ban ga laifin Ripon a nan ba. Gari ne ƙarami, ya yi da abin da yake da shi, cikin harshen da ya iya. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki hoton zauren nan a ce ga yadda Ingila ta yi makoki. Wani yanki nata ne ya yi haka. Majami'ar St Paul ta Landan ta hango wannan giɓi: littafin tunawa da ta buɗe a intanet a watan Mayun 2020, mai suna Remember Me, kyauta ne, kuma tun farko aka ce na mai kowane addini ne da wanda ba shi da shi.

Wani abin da takardun ba su yi ba shi ne tambaya. Ba su ce me ya sa aka yi jinkirin kulle ba, ko me ya sa aka sallami tsofaffi daga asibiti zuwa gidajen kula ba tare da gwaji ba, ko ina kayan kariyar ma'aikata. Wannan aikin wasu ne suka yi shi, kuma a waje. Ranar 29 ga Maris 2021 iyalan mamata, ƙarƙashin ƙungiyar Covid-19 Bereaved Families for Justice, suka fara zana jajayen zukata a bangon bakin kogin Thames, daura da majalisar dokoki, ba tare da sun jira izini ba. Zuciya ɗaya ga kowane mamaci, kusan 150,000 a zagayen farko, a bangon da ya kai rabin kilomita. Sun zaɓi wurin ne don duk ɗan majalisar da ya leƙo ya gani. Matsin lambarsu na cikin abin da ya kai ga kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Heather Hallett, wanda rahotonsa na farko a Yulin 2024 ya ce ƙasar ba ta shirya wa annoba yadda ya kamata ba. Majami'a ta yi ta'aziyya, bango ya nemi bahasi. Mai rashi yana buƙatar duka biyun, kuma na fi ganin girman aikin Ripon idan ba a ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Akwai aikin da ya fi kama da na Ripon, kuma kwatanta su yana fito da wani abu. Mai sassaƙa Peter Walker, mutumin Lichfield, ya yanka ganye 5,000 na ƙarfe, kowanne da kalmar da ke nufin kyakkyawan fata rubuce a jikinsa, ya zube su a daɓe kamar iska ce ta kaɗo su. Ya kira aikin The Leaves of the Trees, daga ayar Littafi Mai Tsarki da ke cewa ganyen itacen na warkar da al'ummai ne. Tun 2020 ganyen ke yawo daga wannan majami'a zuwa waccan, Exeter, Sheffield, Lichfield, Southwark da sauransu, har bayan an ɗage dokokin kulle a Yulin 2021. Da gangan ya zaɓi ƙarfen da ke tsatsa. Waɗanda suka gan su da fari sun ga ƙarfe mai sheƙi, waɗanda suka gan su daga baya sun ga launin busasshen ganye. Aikin na tsufa tare da baƙin cikin masu kallonsa, kuma wannan hikima ce da takarda ba ta da ita. Amma mai fasaha ne ya tsara, masu kallo suka zo suka gani. A Ripon masu kallon su ne masu yin. Idan aka ce in zaɓi wanda ya fi kyau a ido, zan iya cewa na Walker. Idan aka ce wanda ya fi yi wa mutanensa aiki, na Ripon zan nuna, domin sauƙin ya fara samuwa tun a kan teburin cin abinci, makonni kafin a rataye ko ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne lokacin da aka yi shi. A Agustan 2020 mutanen Ingila na ganin kamar an tsallake. Gwamnati na biya wa jama'a rabin kuɗin abinci don su koma gidajen cin abinci. Asibitin gaggawa mai gado 500 da aka kafa a Harrogate, kusa da Ripon, bai karɓi mai korona ko ɗaya ba. Adadin mamata a hukumance yana wajen 41,000 a tsakiyar watan. Waɗanda suka ninke takardun nan suna jin kamar sun zo sadakar arba'in ne, ashe ko ta uku ba a yi ba. Ranar 5 ga Nuwamba aka sake kulle, aka sake hana ibadar jam'i har 2 ga Disamba. A Janairun 2021 aka shiga kulle na uku. Majami'un Lichfield da Salisbury suka kwashe kujeru suka zama wuraren allurar rigakafi, 'yan shekara 80 na naɗe hannun riga a ƙarƙashin tagogin da suka girmi kakannin kakanninsu. Ranar 20 ga watan kaɗai aka sanar da mutuwar mutum 1,820. A makonnin nan kwana tara sun isa a rasa mutum 10,000. Ranar 26 ga Janairu adadin ya haye 100,000, wato mutum goma ga kowace takarda ɗaya da yara da tsofaffin Ripon suka ninke.